Jan wutar da ake ji a shagunan caji ba abin sabo ba ne: a auna wayar ƙasa, a daina yanke ta

Kusan duk mai riƙe da wayar salula ya san wannan ɗan tsikarin. Waya tana caji, a shafa gefenta na ƙarfe, sai a ji kamar ana kaɗa fatar yatsa. Wani lokacin kuma sikirin ne ke rikicewa, yana danna abin da ba a taɓa ba, har sai an zare caja. A shagunan gyaran waya, wuraren caji, shagunan buga takardu da gidajen kallon ƙwallo, abin kan wuce tsikari: bayan kwamfuta, jikin firiza, ƙarfen teburi, har ƙofar shago ma kan ja mutum. Amsar da aka saba ji ita ce "haka wutar take", ko a ce wa yaron shago ya sa silifas.

Wannan amsa ba ta wadatar ba. A ginin kasuwanci, wuta mai yawa da ke yawo kullum a kan wayar ƙasa alama ce ta kuskure a haɗin wuta, kuma kuskure ne da ake iya aunawa, a gano inda yake, a gyara. Abin da ya fi muni shi ne maganin da aka fi yi masa, wato yanke wayar ƙasar ko karya ƙafa ta uku ta fulogi. Wannan yana ɓoye alamar, ya bar haɗarin, sannan ya cire kariyar da aka tanada domin ranar da abu zai lalace.

Wayoyi uku, kowace da aikinta

Soket mai ƙofa uku da ake amfani da shi a Najeriya irin na Ingila ne, kuma wutar gida 230V ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Waya ta farko ita ce layif, mai kawo wuta, ja a tsohon haɗi, ruwan ƙasa a sabo. Ta biyu ita ce nutural, wadda wutar ke bi ta koma taransfoma, baƙa a da, shuɗiya a yanzu. Ta uku, koriya ko koriya mai ratsin rawaya, ita ce wayar ƙasa. Ita ke haɗa jikin ƙarfe na na'urori da sandar da aka kafa a cikin ƙasa.

Layif da nutural su ke aiki kullum. Wayar ƙasa kuwa hanyar gaggawa ce. Idan rufin wata waya ya zare a cikin firiza, layif ya taɓa jikinta, wayar ƙasa ce za ta ɗauki wannan wuta ta sa na'urar kariya ta katse layin kafin wani ya kai hannu. A ranar da komai ke lafiya, abin da ya kamata a samu a kanta ɗan kaɗan ne ƙwarai, wanda ake aunawa da miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ɗaya, ana rubuta shi mA. Idan aka same ta ɗauke da amfiya biyu, biyar ko goma a cikin aikin yau da kullum, to an mayar da ita nutural ta biyu.

Yana da kyau a riƙe waɗannan lambobi. Jikin mutum yakan fara jin wuta daga wajen 0.5mA zuwa 1mA. A wajen 10mA tsokar hannu na iya ƙanƙamewa, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30mA zuwa sama haɗarin ya koma kan numfashi da bugun zuciya. Mutumin da hannunsa ke jiƙe, yana tsaye ba takalmi a kan siminti, idan ya taɓa 230V kai tsaye, abin da zai ratsa shi na iya haura 200mA. Birekar da ke cikin akwatin wuta kuwa, mai 20A ko 32A, ba za ta ko motsa ba, domin an yi ta ne ta kare waya daga zafi, ba mutum daga wuta ba.

Tsikarin caja: wanne ne ba komai, wanne ne gargaɗi

Gaskiya ne cewa ba kowane tsikari ne ke nufin mutuwa ba. Yawancin cajojin waya ba sa amfani da wayar ƙasa sam. Suna da rufi ninki biyu, alamarsu murabba'i ne a cikin murabba'i, shi ya sa ƙafa ta uku a wasu fulogi ta roba ce, aikinta kawai buɗe ƙofar soket. A cikin irin wannan caja akwai wata 'yar kafasita da ke haɗa ɓangaren wutar gida da ɓangaren da ke zuwa waya, domin rage hayaniyar lantarki. Ta cikinta wuta 'yar mitsitsiya ke tsallakawa, wadda tsohuwar ƙa'idar kayan kwamfuta ta taƙaita ta a 0.25mA. Wannan ce ke sa a ji kaɗawar nan a jikin waya ko laftof mai ƙarfe. Idan aka auna da mita ma za a iya ganin kusan rabin ƙarfin wutar gida, a firgita, alhali babu ƙarfi a bayansa. Irin wannan hayaniya, idan ta yi yawa a caja maras kyau, ita ce ke rikita sikirin, domin sikirin yana gane yatsa ne ta ɗan canjin lantarki.

Matsalar ita ce yatsa ba mita ba ne. Ba ya iya bambance cajar kirki mai zubar da abin da ƙa'ida ta yarda da shi da jabun cajar da tazarar da ke tsakanin 230V da wayar mutum ba ta kai kaurin farce ba. A 2016 hukumar kula da ingancin kaya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon gwajin jabun cajojin Apple guda 400 da aka saya ta intanet: guda uku kacal ke da isasshen rufin kariya. Kafin nan, a 2013, bayan mutuwar wata matashiya a China wadda aka alaƙanta da wayar da ke kan caji, Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba a yarda da su ba yana ba da nasa a kan dala 10. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya cin rai.

Amma ɗora laifin duka a kan caja yana sa a manta da ginin. Kwamfutar teburi, firinta, na'urar fotokwafi, firiza, injin hura iska mai zafi na masu gyaran waya da yawancin cajojin laftof masu ƙafa uku sun dogara ne da wayar ƙasa. Idan jikin waɗannan yana jan mutum, to ko dai wayar ƙasar ta katse, ko ba a taɓa sa ta ba, ko kuma ita kanta tana ɗauke da wutar da ba tata ba. Wayar da aka jona da irin wannan kwamfuta ta igiyar USB domin tura fim ko yi mata filashin tana karɓar duk abin da ke jikin kwamfutar.

Ta ina wuta ke hawa wayar ƙasa

Hanya ta farko, kuma wadda aka fi samu, ita ce haɗa nutural da wayar ƙasa a inda bai dace ba. Ƙa'idar ita ce su haɗu a wuri ɗaya tak a kowane tsari, a tushen wutar: a taransfoma, ko a mashigar wutar gini, gwargwadon tsarin da ake bi. Daga nan kowace ta kama hanyarta. Idan aka sake haɗa su a ƙaramin akwatin wuta na bene na biyu, to wutar da ke komawa ta sami hanya biyu, kuma wuta ba ta zaɓar hanya ɗaya, duk wadda ta samu bi take. Idan wayoyin biyu kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, amfiya 20 za ta rabu kusan goma-goma. Goman da ta bi wayar ƙasa za ta ratsa duk wani ƙarfe da ke jone da ita: bututun waya, jikin akwatin wuta, famfon ruwa, ƙarfen rufi, har rigar igiyar kyamarar tsaro.

Hanya ta biyu ita ce dabarar da wasu masu haɗa wuta ke yi domin rage kuɗin waya. Maimakon su ja waya ta uku har zuwa soket, sai su ɗauki ɗan guntu su haɗa ƙofar ƙasa da nutural a bayan soket ɗin. Komai zai yi aiki, na'urar gwajin soket mai araha ma za ta nuna lafiya. Amma ranar da nutural ta katse a wani wuri, ko aka juya layif da nutural a wajen gyaran falwaya, jikin duk na'urar da ke kan wannan soket zai ɗauki cikakkiyar 230V, ba tare da wata bireka ta faɗi ba.

Hanya ta uku ta fi shafar ƙasashe irin Najeriya da Nijar, inda shago ɗaya ke da tushen wuta uku: wutar kamfani, janareta da inbatar sola. Kowanne yana da nasa nutural. Idan an haɗa nutural da ƙasa a jikin janareta, an kuma haɗa su a akwatin gini, sannan makunnin sauya wuta yana sauya layif kawai ya bar nutural a haɗe, to an sami haɗi biyu. Haka ma inbata: tana buƙatar wannan haɗi lokacin da take aiki ita kaɗai, ta kuma sake shi idan wutar kamfani ta dawo. Inbatoci da dama suna da ɗan makunni a ciki da ke yin hakan da kansa. Idan mai haɗawa ya ɗaure haɗin dindindin, ko bai yi shi ba sam, za a ga matsalar tana zuwa tana tafiya daidai da kawowa da ɗaukewar wuta.

Hanya ta huɗu ba kuskure ba ce, taruwa ce. Kowace kwamfuta da firinta tana zubar da 'yar wuta zuwa ƙasa ta matatar da ke cikinta, kuma tsohuwar ƙa'idar kayan kwamfuta ta yarda da har 3.5mA ga irin waɗannan na'urori. Guda ɗaya ba komai ba ce. Guda goma sha biyar a layi ɗaya, kowace tana zubar da 1mA zuwa 2mA, sun tara 15mA zuwa 30mA. Muddin wayar ƙasa tana nan daram, wannan wuta tana wucewa ba wanda ya sani. Ranar da ta katse, wanda ya taɓa jikin kwamfuta ɗaya ya zama hanyar dukkansu.

Akwai kuma rufin waya da ya tsufa, ko ɓera ya ci, ko ruwan damina ya jiƙa a cikin silin. Akwai wutar da ke shigowa daga maƙwabta ta famfo ko ƙarfen gini da aka haɗa. A manyan gine-gine masu layi uku, tarin cajoji, fitilun LED da kwamfutoci suna haifar da wata wuta mai juyi 150 a daƙiƙa, wadda ba ta soke juna a kan nutural, taruwa take yi, har nutural ta ɗauki fiye da abin da kowane layif ke ɗauka. Idan akwai haɗin da bai dace ba, wani kaso na wannan ma wayar ƙasa zai hau.

Yanke waya ba gyara ba ne

Masu rubuta manhaja sun san wata muguwar ɗabi'a: manhaja tana nuna saƙon kuskure, maimakon a nemo sanadin, sai a rubuta layin da zai haɗiye saƙon. Manhajar za ta yi shiru, mai ita ya ji daɗi, kuskuren kuwa yana nan yana ɓata bayanai a ɓoye. Yanke wayar ƙasa irin wannan aiki ne. Sifika tana gurnani a gidan kallo ko ɗakin ɗaukar sauti, hoton kyamarar tsaro yana da ratsi mai hawa da sauka, sai wani ya karya ƙafa ta uku, gurnanin ya tsaya, a yaba masa. Abin da ya yi shi ne ya katse hanyar da wutar ke bi, bai taɓa inda take fitowa ba. Yanzu hanyar da ta rage mata ita ce hannun wanda zai riƙe makirfo.

Wannan muhawara ba a Kano ko Maraɗi ta fara ba. Kundin ƙa'idojin haɗa wuta na Amurka, wanda aka fara fitarwa a 1897 kuma ake kira NEC, ya ware sashe na 250.6 domin wannan wuta da ba a so a kan wayoyin ƙasa. Sashen ya yarda a sake tsarin haɗin domin a tsayar da ita, amma ya fito fili cewa hakan ba izini ba ne na gudanar da kayan lantarki ba tare da wayar ƙasa ba, kuma hayaniyar da ke rikita bayanai ba hujja ba ce ta cire ta. Ƙa'idar Birtaniya, BS 7671, wadda masu haɗa wuta a Najeriya suka gaji salonta, ta bi ta wata fuskar: layin da zubarsa ya haura 10mA sai an ƙarfafa masa wayar ƙasa, misali a ninka ta, domin kada katsewar waya ɗaya ta bar mutane a fili. Ƙasashen biyu sun bambanta a ƙarfin wuta da siffar soket, amma sun haɗu a nan: idan wuta ta yi yawa a wayar ƙasa, sanadin ake nema, wayar kuma ƙara mata ƙarfi ake yi.

Sanda a ƙasa ita kaɗai ba ta isa ba

Akwai wani kuskuren fahimta da ya yaɗu ko a tsakanin masu gini da suka kashe kuɗi. Ana ɗauka cewa da zarar an haƙa rami, an kafa sandar tagulla, an zuba gawayi da gishiri, to ƙasa za ta shanye duk wata muguwar wuta. Ƙasa ba ta shanye wuta. Wuta tana neman komawa taransfomar da ta fito, ƙasa kuwa hanya ce mai wuyar bi.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce turjiyar sandar om 25 ce, adadin da ake ɗauka mai kyau. A raba 230 da 25, an sami kusan amfiya 9. Wannan ba zai kayar da bireka mai 32A ba ko da za a kwana. Jikin firizar zai zauna da wuta, mitar kuɗi tana ta ci. A lokacin hunturu da bazara, ƙasar Arewa tana bushewa, turjiyar ta ƙaru, abin ya ƙara muni. Gishirin da aka zuba kuwa ruwa yana wanke shi, kafin nan kuma yana cin ƙarfen da mahaɗinsa. Sandar da aka kafa shekara biyar da suka wuce ba a sake auna ta ba, ba wanda zai iya rantsuwa a kanta.

A unguwanni da kasuwanni da yawa layif da nutural ne kawai ke saukowa daga falwaya, mai gini shi ke kafa sandarsa. A irin wannan tsari abin da ke ceton rai shi ne na'urar RCD. Tana kwatanta wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan bambancin ya kai 30mA, ta san wani kaso ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta katse cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Akwai kuma mai 300mA da ake sawa a mashiga domin rigakafin gobara, saboda wutar da ke bi ta sakakken mahaɗi a cikin silin zafi take tarawa.

A nan ne ake jin ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi: "Mun sa, kullum faɗuwa take, sai muka cire." Ƙorafin gaskiya ne, amma hukuncin da aka yanke daga gare shi kuskure ne. RCD mai 30mA tana iya faɗuwa tun daga 15mA, shi ya sa BS 7671 ta ba da shawarar kada zubar yau da kullum ya wuce kashi 30 cikin ɗari na adadinta, wato 9mA. Idan an ɗora shago guda ko bene guda a kan RCD ɗaya, dole ta riƙa faɗuwa. Idan kuma akwai haɗin nutural da ƙasa a bayanta, da an kunna abu mai nauyi za ta faɗi. A duka biyun gaskiya take faɗa. Maganin shi ne a raba layuka, kowanne da tasa, a kuma cire haɗin da bai dace ba.

Yadda ake bin sawun matsalar

Wannan aiki na ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba na mai shago ko yaronsa ba. Amma ya kamata mai biyan kuɗin ya san yadda aikin kirki yake, domin ya gane wanda ya zo da tasta kawai. Tastar nan mai kama da sukundireba tana kamawa ko da wutar ba ta kai ta yi illa ba, ba ta kuma faɗin yawanta. Abin da ake buƙata shi ne mita mai baki, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba, kuma mai iya karanta miliamfiya.

Matakin farko shi ne a maƙala ta a babbar wayar ƙasa lokacin da shaguna ke cikin aiki, a rubuta adadin. Girman adadin kansa yana ba da labari. Miliamfiya kaɗan zuwa gommai yawanci zubar na'urori ce. Amfiya ɗaya zuwa sama, mai hawa da sauka tare da kunna firiza ko na'urar sanyaya ɗaki, kusan kullum nutural ce ta sami hanya ta biyu.

Mataki na biyu, a haɗa layif da nutural na layi ɗaya a cikin bakin mitar lokaci guda. Tunda ɗaya na kaiwa ɗaya na dawowa, ya kamata su soke juna a ga kusan sifiri. Duk abin da ya rage shi ne abin da ya ɓace ta wata hanya. Da wannan ake gane layin da ke da laifi, daga babban akwati zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa soket.

Mataki na uku, a riƙa kashe bireka ɗaya bayan ɗaya ana kallon mitar, kamar yadda mai manhaja ke kashe sassa ɗaya-ɗaya har ya ga wanda ke jawo matsala. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta sakamakon. Idan an kashe babban makunni gaba ɗaya amma wuta tana nan a wayar ƙasa, to daga waje take shigowa, daga maƙwabta ko daga nutural ɗin kamfani, kuma wannan magana ce da za a kai wa kamfanin rarraba wuta.

Mataki na huɗu, a maimaita awon sau uku: a kan wutar kamfani, a kan janareta, a kan inbata. Gini na iya zama lafiya lau a kan ɗaya, ya zama tarko a kan wani. Ƙaramin janareta da ba a haɗa nutural ɗinsa da ƙasa ba yana iya sa RCD ta kasa ganin laifi na farko, mai shago yana zaton yana da kariya.

Sai bayan an kashe wuta, an tabbatar ta mutu, ake raba nutural da ƙasa a gwada ko akwai ɓoyayyen haɗi, a auna lafiyar rufin wayoyi, a auna turjiyar sanda. Ba a kwance wayar ƙasa da wuta a kunne. Idan tana ɗauke da wuta, da an raba ta ƙarfin wutar zai bayyana a tsakanin bakunan biyu, hannun mai kwancewa kuma yana tsakiya.

Wa ke da alhaki

Za a ce duk wannan kuɗi ne, kuma mai shagon caji da ke tara ɗari-ɗari ba shi da halinsa. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa nauyi mafi girma ba a kansa yake ba. Babbar wayar ƙasa, sanda, babban akwati da makunnin sauya wuta na mai gini ne, wanda ke karɓar haya duk shekara. A kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano, Banex a Abuja ko Computer Village a Legas, kayan da ke cikin shago ɗaya kan ninka kuɗin gwajin gini guda sau da yawa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke iya haɗa kuɗin mai gadi da man janareta za su iya haɗa na gwajin wuta sau ɗaya a shekara, gwamma a ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa kuma sanda ta fi nuna rauninta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da hurumin duba haɗin wuta da ba masu sana'ar takardar shaida, kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta a wannan shekarar. Takardar shaida ba ta mayar da kowa gwani, amma tambayarta tana tace masu koyo a kan rayukan mutane. Wanda ya gama aiki kuma ya bar sakamakon awo a rubuce: adadin da ya samu kafin gyara, da wanda ya samu bayansa. Ba tare da lamba ba, "na gyara" magana ce kawai.

Mai wayar salula ma yana da nasa kason. Ya nemi caja ta gaskiya, ya bar wadda ke zafi fiye da kima, ko ƙara, ko rikita sikirin. Kada ya yi wanka ko ya shiga bayi da waya tana caji, kada ya kwanta da abin sauraro a kunne alhali wayar tana jone da cajar da bai yarda da ita ba. Ya daina tura murfin biro a ƙofar soket domin cusa fulogin da ba nasa ba, ya duba ko doguwar igiyar soket da ya saya waya uku ce a cikinta ko biyu, domin da yawa ƙofa uku gare su a waje, waya biyu a ciki. Idan a gidansu ko shagonsu akwai RCD, a danna maɓallin gwajinta duk wata shida. Wadda aka danna ba ta faɗi ba ta mutu, sai a canza ta.

Idan kuma jikin kwamfuta ko teburin ƙarfe ya ja shi a wani shago, ya faɗa wa mai shagon, ya ɗauke wayarsa. Matasa su ne mafi yawan masu shiga waɗannan shaguna, su ne kuma yaran da ke tsaye a cikinsu daga safe zuwa dare, sau da yawa da gumi a hannu. Mai shagon da ya ji ƙorafi ɗaya zai ce haka wutar take. Wanda ya ji goma a mako guda zai nemi mai gini, mai gini kuma ya nemo mai mita.